Abin da Motar Yaya Ke Sha

Ranar da Yaya ya cika, waɗanda ke ɗakin su ne: matarsa, tana zaune wajen ƙafafunsa, ƙanenmu da ya zo daga Sukuntuni tun da aka ce jikin ya yi tsanani, limamin unguwa, ɗiyansa mata, suna bakin ƙofa sun rufe fuska da mayafi, ɗansa na fari, wanda ya tallabe masa kai, sai ni, ƙanwarsa, ciki ɗaya. Hantsi ne. Na Allah ne mu, gare Shi za mu koma, Yaya dai ya riga mu.

Kafin ya yi kalmar shahada ya dube ni, ya ɗaga hannun dama yana murza yatsu a iska, a hankali, ya murza ya sake murzawa. Liman ya ce, "Allahu Akbar, ku duba, carbi yake ja." Kowa ya ce Allahu Akbar. Ni ma na ce, don ba wurin gardama ba ne. Amma na san hannun Yaya. Ba haka yake jan carbi ba. Haka yake kwance noti.

An yi zaman makoki yadda ake yi, mata cikin gida, maza bisa tabarmi a ƙofar gida. Kowa da abin da ya riƙe nasa. 'Yan hatsin da ya shekara yana ɗaukar buhunansu suka ce bai taɓa barin kayan wani a hanya ba. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida ta zauna a ƙasa, ta ƙi tabarma, ta ce shi ya kai mijinta asibiti a Kankiya ranar da maciji ya sare shi. Ƙanenmu sai sharar hanci yake yi. Wanda ya fi kowa kuka kuwa mai sayar da fetur a galan ne na bakin titi, abokin Yaya tun suna yara. Har cikin gida muna jin muryarsa yana cewa, "Ya zage ni gaban mutane, ya dawo ya durƙusa mani gaban mutane, kuma har ya tafi bai gaya mani abin da ya gano ba."

Duk wannan da kunne ɗaya nake ji. Ɗayan yana bayan gida wajen rumbuna, inda motar Yaya ke kwana cikin danga. Mata suka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni cin abinci. Akwai shi. Amma tsoro ya fi yawa. Na san da zarar an yi sadakar bakwai ɗan Yaya zai ɗora kaya ya kama hanyar Kusada, na kuma san abin da ke jiransa cikin tankin motar nan. Mu biyu muka sani, an kuwa binne ɗaya.

Ni ban yi boko ba. Jikata ke rubuta wannan, na ce mata kada ta gyara mani magana, yadda na faɗa haka za ta sa. So nake a san wane ne Yaya kafin a maida shi wani dattijo mai kirki kamar kowane mamaci.

Direba ne tun yana saurayi, kuma shi ne bakaniken kansa. Motar tsohuwar a-kori-kura ce, mai buɗaɗɗen baya, fentinta ya koɗe har ba a iya cewa ga launinta. Ta girmi wasu 'ya'yansa. Da idonsa ya yi rauni ya miƙa wa ɗansa na fari sitiyari, amma bai miƙa masa bonet ba. Kullum da safe sai ya buɗe, ya sa a tayar, ya ɗora bakin sukundireba bisa inji, ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido. In kana masa magana a lokacin ba ya jin ka, ko gobara ka ce ta tashi. Ba mai yawan fara'a ba ne. Yana da kunya, yana da taurin kai, kuma in ya ga abu a jikin mutum ya fi son ya yi shiru ya gyara ta bayan fage. Ni kuma in na ga abu sai na faɗa. Shi ya sa tun muna yara yake kirana Alƙaliya. "Ga Alƙaliya nan, kowa ya gyara zama." Har ya tsufa bai bari ba.

Ɗan nan nasa na fari ni na yaye shi. A ɗakina ya tashi, a bayana ya yi barci, ban haifi namiji ba. Yanzu magidanci ne mai 'ya'ya, amma in ya makara a hanya sai in yi ta leƙen ƙofar gida.

Ba sai na gaya wa mutumin ƙasarmu yadda hanya ta koma a shekarun nan ba. Da can in mota ta lalace a daji, sauka ake yi a zauna gindin icce a ci gyaɗa a jira. Yanzu in ta tsaya, kowa daji yake kallo. Balle ƙarshen damina, in dawa ta yi tsawo ta rufe gefen hanya, ba ka ganin abin da ke cikinta sai ya fito. An ɗauke ɗan maƙwabtanmu a irin wannan lokacin, daga shi sai babur ɗinsa. Ya dawo, amma ba yadda ya tafi ba. Tun ranar matar Yaya ta daina barcin kirki.

A daminar nan motar ta fara abin da ta fara. Wata safiya sai a murɗa makulli ta yi ta kuka ta ƙi kamawa, sai an tura. In ta kama kuma, a hanya in an taka totur sai ta shaƙe, ta fizga, ta yi kamar mai tari, sannan ta saki. Washegari ta ɗan yi, jibi ta warke sarai kamar ba ita ba. Ciwon da ke zuwa ya tafi ya fi wanda ya kwantar da kai wuyar kamawa, ko a jikin mutum.

Ina cikinta ranar da ta tsaya. Na je Kusada duba wata ɗiyar ƙawata da ta haihu, muka taso bayan la'asar, buhunan gero a baya da mutane bisansu, ni a gaba. Akwai wani kwari da hanya ke gangarawa ta haura, dawa hagu da dama. Muna gangarawa ta fara fizga. Ɗan Yaya ya ce, "A'a, a'a, ba nan ba, don Allah ba nan ba." Ta yi tari ta mutu a tsakiyar kwarin.

Ya murɗa. Ta yi kuka ta ƙi. Ya sake. Sai muka ji ƙarar babura daga nesa, ta gabas, ba guda ba. Ban taɓa jin mutane sun yi shiru irin na ranar ba. Wata mata a baya ta toshe bakin jaririnta da tafin hannu. Wani tsoho yana salati ba sauti, leɓe kawai. Na dubi ɗan Yaya, zufa na ɗiga daga haɓarsa, yana ta murɗa makulli, kukan motar kuma na ƙara rauni don batir ya fara gajiya. Na ce, "Kai, bar murɗawar nan. Maza su sauka." Suka sauka suka tura ta baya ta hau gangaren da muka sauko, suka sake turo ta, ta ƙi. Ƙarar na matsowa. Suka sake. Ta yi wata irin atishawa ta kama, suka bi ta da gudu suna ɗarewa, wani ya bar takalminsa a nan. Har yau ban san ko su wane ne bisa baburan ba. Ƙila 'yan kasuwa ne irinmu. Ban so in sani ba.

Da muka iso na samu Yaya a zaure na ce, "Ko ka gyara ta ko ka ƙone ta." Bai yi mani gardama ba. Fuskarsa ta yi fari.

Yaya ba ya gyara da gaggawa. Abu ɗaya yake taɓawa, ya jira ya ga abin da zai biyo. Ya fara da kan batir, ya kankare farin da ya taru, ya ɗaure tam. Ta yi lafiya, ta sake. Ya kwance fulogai ya duba bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ya sa sababbi. Ta yi lafiya, ta sake. Ya bi wayoyin wuta da yatsa yana neman inda ya zage. Ya cire tiyon mai ya busa da baki. Ya canja matacin mai. Ɗansa ya ƙosa ya ce, "Baba, a kai ta Katsina a sauke injin a huta." Ya ce, "Don tana tari sai a farke mata ciki? In an sauke an mayar ta sake yi maka a kwarin nan fa, wa za ka tambaya?"

Sai ya koma tambaya, kamar mai duba maras lafiya. Da safe take yi ko da rana? Da kaya ko wayam? A hawa ko bayan gargada? Yana tambaya yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Wace rana?" Aka tsaya aka yi tunani. In za a shiga Kankiya ba ta yi. In za a kai taki gona ba ta yi. In za a je Fakuwa ɗaukar dawa ba ta yi. Ranar kasuwar Kusada take yi, da ɗan saura washegari. Magana ta fita unguwa. Wasu suka ce motar ce ke jin tsoron hanyar, wasu suka ce an yi mata sammu, wata tsohuwa ta ce akwai mutanen ɓoye a kwarin. Ni kaina na fara yarda. Yaya ya ce, "Ƙarfe bai san Kusada ba. Akwai abin da ake yi mata ranar da ba a yi mata sauran ranaku."

Ranar kasuwa ta gaba da ta ƙi tashi, ya hana a tura. Ya kwance ƙasan kafireta, inda mai ke taruwa kafin inji ya sha, ya tsiyaye shi cikin farar kwalba, ya ɗaga wa rana. Ga fetur a sama, ga wani abu kwance a ƙasa kamar ƙwayar ido. Ruwa. Ya ce ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasan tanki yake sauka, shi inji ke fara ja da safe, shi kuma gargada ke tayarwa a hanya.

Nan ya yi kuskuren da ya dame shi har ya mutu. Jajibirin kasuwa ake cika tanki, kuma wajen abokinsa mai galan ake saye. Ya ɗauki kwalbar ya tafi bakin titi, mutumin da ba ya ɗaga murya, ya ɗaga ta ranar. Ya ce masa maci amana, ya ce ruwa yake sayar wa mutane, ya ce da an ɗauke ɗansa a kwarin nan da jininsa na wuyansa. Mai galan ya rantse har ya yi hawaye. Mutane suka janye daga wajensa.

Yaya ya sauke tankin ya wanke, ya shanya, ya mayar, ya sa aka sayo mai daga gidan mai. Duk makon ta yi lafiya. Ranar kasuwa da safe ta ƙi tashi.

Ina wajen rumbu ina sheƙa ya sake tsiyaye ta cikin kwalba. Wannan karon ya daɗe yana kallo. Ya zubar da fetur ɗin sama a hankali, ya sa yatsa ya taɓa abin da ya rage, ya murza, ya sansana. Sai ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Alƙaliya, zo. Me wannan ya yi miki kama?" Ruwan ba fari ba ne, baƙi-baƙi ne, yana ɗan danƙo a yatsa kamar ƙaro. Na ce, "Tawada." Ya ce, "Rubutu ne."

Sai na tuna. Na sha ganin matarsa da asuba, in maza sun tafi masallaci, tana zagayawa bayan gida da 'yar ƙwarya ƙarƙashin mayafi. Na ɗauka kaji take ba ruwa. Kasuwa ta gaba na laɓe bayan rumbu. Ta zo tana waige-waige, ta buɗe murfin tanki, ta yi bismilla, ta zuba a hankali yadda ake ba jariri ruwa. Ta goge bakin tankin da gefen mayafinta. Ta dafa motar ta daɗe tana motsa baki.

Wanda bai san matar Yaya ba zai ce wauta ce. Ba wauta ba ce. Irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon tsakiyar idonsa, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In za ta ambace shi sai ta ce "mai motar". Ya yi ƙyanda yana yaro, ni na yi jinya, ita tana leƙe ta tagar ɗakina tana komawa. To ga ɗan nan kullum kasuwa yana bin hanyar da ake ɗauke mutane. Ta aika wajen malam aka yi mata rubutun tsari. Rubutu sha ake yi, a shafa saura. Ba za ta iya cewa da shi zo ka sha ba, ba za ta iya bari ma a san ta nema masa ba. Sai ta ba abin da ke ɗauke da shi. Ita a wajenta bakin mota nan ne.

Na samu Yaya na ce yau ɗin nan zan gaya mata. Ya ce ba zan gaya mata ba. Ba mu taɓa faɗa irin na ranar ba, ƙasa-ƙasa, bayan rumbu, kamar ɓarayi.

Na ce, "Ran yaron nan ne, Yaya. Ina cikin motar. Na ji baburan."

Ya ce, "In kin gaya mata me za ki ba ta a madadinsa? 'Yar ƙwaryar nan ce ke sa ta iya haɗiye tuwo ranar kasuwa. Kuma ta ji cewa da hannunta ta tsayar da ɗanta a kwarin nan? Wallahi ba za ta tashi ba."

"To a bar ta ta kashe shi da ƙauna?"

"Wa ya ce a bar ta? Akwai noti ƙarƙashin tanki. Ta zuba ta sama, ni in cire ta ƙasa. Ke dai riƙe mani yaron a ɗakinki da koko har in gama."

Na ce, "Ranar da ka makara fa? Ranar da ba ka nan fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ina za ni, Alƙaliya?"

Daga nan bakin titi ya wuce. Ya durƙusa gaban mai galan, tsoho da shi, gaban 'yan acaɓa da masu shayi, ya ce ya yi masa ƙazafi, mansa ba shi da ruwa, ya yafe masa. Aka ce to daga ina ruwan yake? Ya ce, "Daga gidana." Bai ƙara ba. Ya tsaya a wajen har aka cika masa tanki daga galan ɗin, kowa na gani.

Haka muka yi tun daga kaka har sanyi ya shigo. Ranar kasuwa ita ta zuba ta koma madafa. Yaya ya riga kowa fitowa daga masallaci, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashin mota da sifana da ɗan kwano. Ya sassauta notin, baƙin ruwan ya fito, da ya ga fetur tsantsa ya biyo ya ɗaure. Ni kuma ina ɗaki da ɗansa ina ƙara masa koko, ina ƙirƙiro masa tambayoyi kan 'ya'yansa, har ya ce, "Gwaggo, kwanan nan kin cika hira." Abin da Yaya ya tsiyaye ba ya zubarwa inda ƙafa ke takawa. Gindin katanga yake kai shi. Ya ce, "Sunan Allah ne. Ba laifinsa ba ne inda aka zuba shi."

Mota ta warke. Ɗansa ya ce fulogan nan ne ashe. Unguwa ta ce sammun ya karye. Ita kuwa matar Yaya ta ga tun da ta dage motar ba ta sake tsayawa ba, sai ta ƙara ludayi. Yaya ya nuna mani kwanon ya kusa cika, yana dariya yana tari. Ni ban yi dariya ba. Kowace kasuwa sai na ji motar ta dawo ta shigo danga nake iya sakin numfashi.

Tarin nasa tsoho ne, tun yana tuƙi. Ban ce kwanciya bisa ƙasa mai sanyi ce ta kashe shi ba, kada wani ya ɗora mani wannan. Kwana ne ya ƙare. Ya kwanta, ɗansa ya ajiye zuwa kasuwa ya zauna jinya, har ranar da ya dube ni yana murza yatsu. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya yafe masa, Ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa wa na gidansa a nan, Ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi.

Cikin kwanakin makoki ina lura da ita. Tana takaba, ba ta fita, amma bayan gida ai cikin gida ne. Mota ba ta zuwa ko'ina, duk da haka kullum asuba sai ta zagaya da ƙwarya. Da can ranar kasuwa kawai. Yanzu mai duba motar ya tafi, sai ta ga ita kaɗai ta rage tsakanin ɗanta da daji.

Ranar sadakar bakwai da la'asar aka ɗora buhuna, gobe kasuwa. Na shiga ɗakinta da niyyar in faɗa. Kafin in buɗe baki ta ce, ba ta dube ni ba, "Gwaggon yara, gobe mai motar zai fita." Na ce na sani. Ta ce, "Akwai abin da nake yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Malam, yayanki, bai sani ba. Tun da nake yi ba ta sake tsayawa ba." Ta ci gaba da jan carbinta. Ni da ba a taɓa rufe mani baki ba, na tashi na fita.

Na ɗauko sifanar Yaya na zagaya. Na ce in shi ya iya ni ma zan iya. Na shimfiɗa kwalin, na durƙusa, gwiwa ta ƙi, na kwanta a haka na ja jiki. Na gano notin. Na sa ƙarfina duka, ko motsi bai yi ba. Na fito da ƙasa a kai, ina haki. Na yi tunanin in gaya wa ɗan a ɓoye, amma na san bakinsa, zuciya gare shi, zai shiga ɗakin mai takaba da ihu. Ranar ban runtsa ba.

Da asuba na riga ta. Na tsaya jikin motar na ɗora hannu bisa murfin tanki. Ta zagayo da ƙwaryarta, ta gan ni ta tsaya cik.

Ta ce, "Gwaggon yara, matsa."

Na ce, "Ba zan matsa ba. Ki tsaya nan, kada ki koma. Akwai abin da za ki gani."

Muna tsaye haka har maza suka fito daga masallaci. Ɗan Yaya ya zagayo yana kaɗa makulli, ya gan mu, ya rage tafiya. Uwarsa ta juya masa gefe yadda ta saba. Na miƙa masa sifana da kwano na ce, "Shiga ƙarƙashi. Akwai noti a gindin tanki. Sassauta shi a hankali, ka tara. Kuma in ka fito, duk abin da ka gani, ka riƙe bakinka, ko ni da kai har abada."

Ya shiga. Muka ji ƙarfe ya yi ƙara, muka ji tsiyaya. Ya ce, "Gwaggo, kwanon ya cika, bai ƙare ba." Na tura masa wani. Da ya fito ya ajiye su a ƙasa tsakaninmu. Gari ya fara haske. Baƙin ruwa ne, ɗan fetur na yawo a samansa.

Na ce mata, "Inji ba ya shan ruwa, kowane iri ne. In ya sha shaƙewa yake yi ya mutu. Shi ya tsayar da mu a kwarin nan."

Ta dubi kwanonin, ta dubi ƙwaryar hannunta. Ta ce, "Amma ai ta daina."

"Ta daina don ana cirewa."

"Wa ke cirewa?"

Ta dubi kwalin da ke shimfiɗe, wanda ya lotsa da siffar bayan mutum. Sai ta zauna a ƙasa, amma ba ta bar ƙwaryar ta zube ba. Ta ce, "Malam ya sani?" Na ce ya sani. "Tun yaushe?" Na ce tun kaka. "Bai ce mani komai ba." Na ce, "Ya hana ni ma. Cewa ya yi ke kike tsare yaron ta sama, shi ta ƙasa." Wannan ba haka ya faɗa ba, amma kusan haka ne.

Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da gawa. Ɗan yana tsaye da sifana, ya riƙe bakinsa yadda na ce, Allah Ya yi masa albarka. Da ta lafa ta ɗaga ƙwaryar ta ce, "To wannan fa? Ina zan kai shi? Haka zai fita ba komai?"

Na ce, "Ga mai shi nan tsaye."

Sai ta miƙa ƙwaryar da hannu biyu, ta kira sunansa. Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare. Ƙato da shi, mai gemu, ya durƙusa gabanta ya karɓa ya sha, ya shafa saura a fuska da ƙirji.

Na sa ya sake shiga ya tabbata notin ya ɗauru, ya tsiyaye kafireta yadda ubansa ke yi. Na kai kwanonin gindin katanga. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko mayafina na fita, na buɗe ƙofar gaba na hau na zauna.

Ya leƙo ya ce, "Gwaggo, ina za ki?"

Na ce, "Inda za ka."

"Me za ki sayo? Ki faɗa in taho miki da shi."

"Ba abin da zan sayo. In ta tsaya, ta tsaya da mu biyu. Murɗa makulli."